Itatuwan da Na Sa Aka Dasa a Gonar Aro

Tasawa, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya kai ki Yamai, babban birni, lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya, ya sa maigidanki da yara su iske ki cikin alheri idan sun biyo bayanki. Na ba mahaifiyarki takardar nan ta sa miki a jaka. Na ce ta gaya miki kada ki buɗe sai mota ta wuce Maraɗi, don na san halinki, kina iya sauka ki dawo ki tsare ni da tambaya.

Ke ce ta fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi. Kunya biyu ke nan, shi ya sa abin da bakina ya kasa na ba alƙalami.

An ba ki shugabancin sashen da ke raba tallafi a gidauniya, ke za ki riƙa sa hannu a ce wannan ƙungiya ta samu, waccan ta jira. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. To amma makon jiya ina zaure na ji kina karanta wa ƙannenki jawabin da za ki yi ranar kama aiki, sai na ji sunana ciki. Kin ce kin shiga aikin neman wa talaka haƙƙinsa ne saboda mahaifinki, wanda ya mayar da fako ya zama gonar mata a Tudun Aduwa. Uwani, kada ki faɗi wannan gaban mutane. Labarin da na ba ku tun kuna ƙanana rabinsa ne, kuma rabin da ya yi mini daɗi. Na san abin da zan iya rasawa idan kin karanta sauran, wato idon da kike kallona da shi. Ina jin tsoron haka ƙwarai, amma zan rubuta.

Lokacin kina aji huɗu a lakkwal, makarantar boko, ni ina ma'aikacin karkara a wani furoje, wato shirin tallafi, na farfaɗo da ƙasa. Ina da moto, wato babur, ina da kayye na rubutu, ina da hula mai baki irin ta ma'aikata. Ƙauyuka shida aka ba ni a yankin Gidan Amumune, Tudun Aduwa na cikinsu. Yadda nake aiki shi ne in sauka ƙofar maigari, a kawo mini kujera, maza su zauna a tabarmi, mata su tsaya can bayan darni inda sai ka miƙa wuya kake ganin kallabinsu. In yi bayani, in ce, "An yarda?" A ce, "An yarda." In rubuta cewa jama'a sun amince, in hau moto. Shekara biyu ina haka ina ganin kaina gwani. Ni da aka haifa a Baudeta, na san sarai ba a ce wa baƙon da ya zo da alheri a'a a bainar jama'a. Na san maganar gaskiya sai baƙo ya tafi ake yin ta, a bakin rijiya ko wajen sussuka. Amma "an yarda" ta fi sauƙin rubutawa, kuma ina son in isa gida kafin la'asar.

Ke ba kujerar ƙofar maigari za a ba ki ba, tebur ne da dosiye, takardun neman tallafi, a kansa, amma abin ɗaya ne. Dosiyen da zai iso gabanki na waɗanda ke da mai rubuta musu Faransanci ne, masu hatimi da takardar rajista. Akwai masu aikin da ba su san ana rubuta shi ba. Ki tashi ki je, kuma idan kin je kada ki yi saurin tafiya. Ki bari a gama taro, mota ta koma inuwa, ki bi matan zuwa inda suke aiki ki zauna ƙasa. Abin da za ki ji bayan awa biyu ba shi kika ji a taro ba.

Yanzu ga gonar. Akwai wata mata a garin, Habsu, mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa huɗu, tana ƙuli-ƙuli da man gujiya. Ita ta tara mata kusan talatin, yawancinsu marasa gona, suka je wajen Mati, ƙanen maigari, suka roƙi aron wani fako nasa da ke yamma da gari. Ƙasa ce da ta mutu, ta yi tauri, ko ciyawa ba ta fitowa. Mati ya ba su da zuciya ɗaya. Damina uku suna haƙa tassa, ƙananan ramukan nan da ake zuba taki a ciki don su riƙe ruwa. Takin a ka suke ɗauko shi daga masheƙarin makiyaya. A damina ta uku hatsi ya tsaya, wake ya yaɗu, yakuwa ta kewaye iyaka. Duk kaka su kai wa Mati dami ɗaya. Ba haya ba ce, tuni ne cewa ƙasar tasa ce, kamar yadda kowa ke yi.

Duk wannan kafin in taka garin aka yi shi. Ban mayar da fako gona ba, na iske shi gona. Abin da na kawo shi ne hauyoyi da alkawarin injin niƙa.

A shekarar, masu ba da kuɗin furoje itatuwa suke so. Daga ƙasar waje aka gaya wa Yamai, Yamai ta gaya wa Maraɗi, shugabanmu na Maraɗi ya tara mu ya ce kowa za a duba yawan abin da ya dasa kafin a sabunta masa kwantiragi. Aka cika mana gandun reno da dakwara, itacen ƙaro, da magarya cikin baƙaƙen leda. Na duba ƙauyukana, ban ga wuri mai taki da masu kula kamar gonar su Habsu ba. Na je na same ta tana tuyar ƙuli, na zayyana mata amfanin ƙaro da inuwa kamar ita baƙuwa ce a duniya.

Ta bari na gama, ta tsame ƙulin da ke cikin mai, sannan ta ce, "Malam Isuhu, kai ɗan ina ne?"

Na ce, "Ɗan Baudeta ne, Inna."

Ta ce, "To a Baudeta ana dasa icce cikin gonar aro?"

Kin san al'adar, amma bari in faɗa don kada birni ya sa ta yi miki nisa. Mai aron gona yana shuka abin da za a girbe a kaka. Ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, domin itace shekaru yake yi, kuma wanda ya dasa shi kamar ya ce nan nawa ne. Tun ina bin mahaifina gona da butar ruwa na san wannan.

Ta ce, "Ga tsiron da Allah ya hiddo da kanshi, kalgo da sabara da ƴan gawo. Mu gyara su mu bar su su tashi. Wanga ba mai cewa mun dasa."

Shawararta ta fi tawa, kuma yau ita kowa ke bi a ƙasar nan. Amma na ce mata biro, wato ofishinmu, ba ya ƙirga abin da ya fito da kansa, sai wanda ya fito daga leda. Na ce ni zan yi magana da Mati. Sannan na ƙara maganar da har gobe nake jin nauyinta. Na ce idan ba a dasa ba, ina tsoron injin niƙan ya wuce wani gari. Ban ɗaga murya ba, cikin taushi na faɗa, kamar mai ba ta labarin abin da ba ruwansa.

Ta daɗe tana kallon wutar, ta ce, "To, tunda ka ce kai za ka yi mishi magana."

Ki riƙe wannan da kyau. Daga ranar da kika hau kujerar nan, ba ki da sauran shawara a bakinki. In kin ce wa ƙungiya, "Me zai hana ku gwada kaza?" umarni suka ji, domin kuɗin yana hannunki. Za su bar abin da suka sani su bi abin da kika fi so, su yi miki godiya a kai. Saboda haka ki rage faɗin abin da kike so, ki yawaita tambayar abin da suke yi da dalilinsa. Ranar da wata ta dube ki ta ce abin da kika kawo ba zai yiwu ba, kada ki ɗauke ta mai taurin kai. Ta yi kasadar abincin ƴaƴanta ne ta faɗa miki, kuma irinta ba su da yawa.

Na je wajen Mati kuwa. Aka kawo fura muka sha, muka yi hirar tsadar raguna da ciwon ƙafarsa. Sau biyu maganar tana zuwa bakina ina mayar da ita. Na san in na tambaya zai ce a'a, kuma a'arsa za ta rushe mini lissafi. Na ce a raina in itatuwa suka shiga ƙasa, ga baƙi sun gani, kunya za ta hana shi magana. Na yi masa sallama na fito. Da Habsu ta tambaye ni, na ce, "Na je wajensa." Ba ƙarya na yi ba, na je ɗin. Irin wannan gaskiyar na ƙware a kanta a shekarun nan.

Ranar dashe baƙi suka zo da motoci biyu. Mata suka ci ado, aka yi guɗa, aka ɗauki hoto. Mati bai ce komai ba, don mutum ne mai kara, ba zai kunyata garinsu gaban baƙi ba. Ya jira har kaka. Da matan suka kai masa daminsa, ya ce su mayar.

Aka taru ƙofar maigari, ina wurin. Mati ya ce, "Ni ban ƙi su ba, shekara huɗu ban taɓa tada musu hankali ba. Amma ina da ɗiya maza. In na kwanta dama, jikokin waɗanga za su tsaya gaban alƙali su nuna icce su ce kakanninsu sunka dasa. Mi ɗiyana za su nuna?"

Ba wanda ya ga laifinsa, ni ma ban gani ba. Maigari ya tambaya wa ya ba da izinin dashe. Habsu ta juyo ta dube ni. Mutum sama da hamsin suna zaune, kalma kaɗan ake nema daga gare ni: ni ne, na ce zan tambaya ban tambaya ba, matan nan sun gargaɗe ni. Da na faɗi haka, da wataƙila an ce a cire itatuwan a bar musu gonar, don laifin baƙo ne. Sai na gyara hulata na ce, "Tsarin furoje ne ya zo da haka."

Mati bai cire ko itace ɗaya ba. Gonar ya karɓe.

Kada ki taɓa ɓuya bayan sunan gidauniya. Za ki ji daɗin cewa "kwamiti ne ya yanke" ko "ƙa'ida ce ta hana," don ba a kama kwamiti a riga. Idan da hannunki a ciki, ki ce da hannunki. Wanda aka ƙi ba tallafi yana da haƙƙin ya san wa ya ƙi da dalili, wanda aka cuta kuma yana da haƙƙin ya ji sunan wanda ya cuce shi daga bakin mai sunan.

Sai rapor, wato rahoton ƙarshen shekara. Na rubuta cewa an dasa itatuwa a gonar matan Tudun Aduwa kuma kusan duka sun kama. Gaskiya ne, sun kama, takin da matan suka ɗauko a ka ne ya riƙe su. Babu layin da ya tambayi wa ke noma gonar yanzu, ni kuma ban ƙara layi ba. Aka yaba mini, aka ƙara mini girma, aka mayar da ni biro na Maraɗi. Injin niƙan ya zo, ya yi wata bakwai ya lalace, ba mai gyara. Ƙungiyar ta watse. Wasu suka koma ƙwadago a gonakin mutane, wasu suka bi motocin arewa neman aikin gida. Habsu ta cire ɗiyarta daga lakkwal ta riƙa ɗora mata tallan ƙuli. Yarinyar sa'arki ce. Ƙarin albashin da na samu, da shi na kai ki lise, babbar sakandare, a Maraɗi. Ba na faɗa don ki ɗauki nauyin ba, ke ba ki dasa komai ba, kuma karatunki da ƙoƙarinki kika yi shi. Na faɗa ne don ban iya raba abubuwan biyu a raina ba duk shekarun nan.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni gaya wa shugabanmu. Ba mugu ba ne, mutum ne mai sallah da kyauta. Amma shekarar da ta gabata wani abokin aikinmu ya rubuta cewa bankin hatsin da ya kafa ya rushe, ya faɗi dalili dalla-dalla, ba a sabunta masa kwantiragi ba. Duk mun gani, duk mun koyi darasi. Yanzu ke ce shugaba. Akwai wani Isuhu a ƙarƙashinki, yana da moto da ƴaƴa a lakkwal, yana kallon abin da za ki yi wa na farkon da ya kawo miki labari marar daɗi. In kin yanke masa tallafi, daga ranar ba za ki ƙara karanta rapor na gaskiya ba, kuma ba za ki sani ba, don duk za su yi kyau. Ki tambayi kowace ƙungiya abin da ya lalace kafin abin da ya gyaru. Duk abin da za a gina ko a dasa, ki tambaya a ƙasar wa, da wace shaida, kuma hannun wa zai kasance bayan shekara biyar. Ki ware lokaci ki koma wuraren da aka rufe furoje aka daina ɗaukar hoto.

Maganar dangi kuma ba sai na tsawaita ba. Baffanki Sale ya kafa ƙungiya tun makon da ya ji labarin aikinki. Shi ne shugaba, matarsa ce ma'aji, sunan ƙungiyar kawai ya rage su samo. Ki gaishe shi da ladabi, ki aika masa goron sallah daga aljihunki, ki ce ni na hana. Zai yi fushi da ni wata biyu, mun saba.

Bayan na ji jawabinki ban iya zama ba. Ranar Lahadi na shiga mota zuwa Gidan Amumune, daga can na hau kabu-kabu, moton haya, zuwa Tudun Aduwa. Rabona da garin tun ranar shari'ar. Hanya ta bi ta gefen gonar. Dakwarar ta yi girma, jikokin Mati ne ke ɗibar ƙaro. Na ce wa mai moto kada ya tsaya.

Habsu tana raye, tana gidan babban ɗanta. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Na yi sallama na durƙusa, ban kai ga faɗin sunana ba ta ce, "Wagga muryar ɗan Baudeta ce." Ta sa aka kawo mini ruwa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ban tambayi Mati ba, na bar ta ta ɗauka na tambaya, na kuma yi shiru ranar da ta dube ni.

Ta ce, "Na sani. Tun ranar da ka ce ka je wajenshi na sani, don ba ka hwaɗi abin da ya ce ba."

Na ce, "To me ya sa kuka dasa, Inna?"

Ta ce, "Mata talatin na jiran injin. In ce musu mi?"

Na roƙe ta ta yafe mini. Sai ta tambaya me ya taso da ni yanzu bayan shekarun nan duka. Na gaya mata batunki, na ce za ki Yamai ki shugabanci masu raba tallafi ga ƙungiyoyi irin tasu.

Ta ce, "Ta san abin da ya hwaru?"

Na ce, "A'a. Ita ta ɗauka ni na gyara muku gonar."

Ta yi ɗan murmushi, ba na daɗi ba. Ta ce, "Malam Isuhu, gona ta tahi, ni ma na kusa. Yahiyata ba ta da wuya. Amma in na ba ka yau, ka koma gida ka yi kwananka, ɗiyar ta tahi da labarin da ka ba ta, ta je ta yi ma wasu abin da ka yi muna tana ganin gado ta ɗauka. Tahi ka hwaɗa mata duka. In ka hwaɗa, ka komo ka gaya mini abin da ta ce, in ka iske ni."

Ga shi na faɗa miki duka, ban rage komai ba. Ranar kasuwar Gidan Amumune mai zuwa zan koma wajen Habsu, don shekarunta ba na jira ba ne. Ban san abin da za ki ce ba, kuma ba na roƙon ki sassauta. In fushi ne ki aiko shi, in shiru ne shi ma amsa ce. Duk abin da ya zo daga gare ki, shi zan kai mata yadda yake, ba zan gyara ko kalma ɗaya ba.

Allah ya sauke ki lafiya, ya ba ki masauki na alheri da abokan aiki masu gaya miki gaskiya. Allah ya tsare hannunki daga haƙƙin mutane, ya tsare ki a fita da shiga, ya sa ki gama aikin nan kina iya komawa kowane garin da kika taɓa zuwa. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
Isuhu